Yadda Ake Karɓar Sabon Ma'aikaci a Sashen Tarukan Al'adu na Laburare a Legas

Sashen tarukan al'adu shi ne ƙofar da mutanen da ba su saba shiga laburare ba suke bi su shigo. Shi ke shirya zaman tatsuniya na yara, karatun waƙa, muhawarar ɗalibai, baje kolin littattafai, ganawa da marubuta, da bukukuwa irin na Ranar Hausa. A Legas, laburare ɗaya kan zauna a tsakiyar Yarbawa da Hausawa da Ibo da sauran ƙabilu, kowa da lokacinsa da shugabanninsa da abin da ke ɓata masa rai, don haka wanda aka kawo wannan sashe yana buƙatar horo na musamman ko da ya zo da digirin aikin laburare.

Wannan bayani na shugaban sashe ne da zai karɓi sabon ma'aikaci, namiji ko mace. Tsarin na wata uku ne: watan farko ya gani, na biyu ya taya, na uku ya riƙe taro da hannunsa. Idan aka ɗora masa babban taro tun makon farko, zai ji kunya a gaban jama'a, ƙarfin gwiwarsa ya karye. Idan kuma aka bar shi wata shida yana jera kujeru, zai gaji ya nemi a canja masa sashe, an yi asarar mutum ke nan.

Kafin ya iso

A tanadi teburinsa da kujerarsa, a sa lambarsa a zauren WhatsApp na sashe, a zaɓi tsohon ma'aikaci ɗaya wanda zai zama madogararsa har wata uku. A haɗa masa fayil mai ɗauke da rahoton taruka biyar na baya, kalandar shekara, lambobin masu hayar kujeru da rumfa da mai gyaran janareta, da samfurin wasiƙar gayyata da ta neman izini. A tambaye shi unguwar da yake kwana. Wanda zai taso daga Ikorodu ko Sango zuwa Yaba ba za a sa shi buɗe zaure ƙarfe bakwai na safe ba tare da an yi shiri ba.

Makon farko: ya san ginin

Ranar farko a zaga da shi ko'ina, a gabatar da shi ga kowa da sunansa, har maigadi da masu shara da mai kula da janareta. Waɗannan ukun su ne za su cece shi ranar da abu ya rikice, kuma sun fi kowa lura da sabon ma'aikacin da ya wuce su bai gaishe su ba.

Daga nan a ba shi awo ya auna zauren taro da kansa. Lissafin da ake aiki da shi shi ne mutum ɗaya a kowace murabba'in mita ɗaya idan a kan kujera za a zauna, bayan an cire wurin babban tebur da hanyoyi. Zaure mai tsawon mita 12 da faɗin mita 8 murabba'in mita 96 ne, amma da an cire gaba da hanya, mutum 70 zuwa 75 ne za su zauna cikin sakewa. Hanyar tsakiya kada ta gaza mita ɗaya da 'yan kai, yadda keken guragu zai wuce. Ya ƙirga kujerun da ke da lafiya, ya ware masu karyayyar ƙafa. Ya gwada kowane soket da cajar waya, ya rubuta wanda ke aiki. Ya buɗe ƙofar fita ta gaggawa da hannunsa, domin a wurare da yawa ana samun ta a kulle da kwaɗo, an tara tsofaffin jaridu a bayanta, makullin kuma yana aljihun wanda ya tafi hutu. Ya duba tukunyar kashe gobara: allurarta ta tsaya a kan kore, ranar da aka rubuta a jikinta ba ta wuce ba. Ya haddace lambobin gaggawa na jihar Legas, 767 da 112.

A makon nan kuma ya yi kwana biyu a kantar rajista da bayar da aron littafi. Duk taron da zai shirya nan gaba, manufarsa mutum ya dawo ya yi katin laburare, to dole ya iya amsa wanda ya tambaye shi yadda ake yi, da abin da ake kawowa, da adadin littattafan da ake bayarwa aro, ba tare da ya ce "bari in tambayo" ba.

Wuta da sauti

Nan ne mafi yawan taruka ke lalacewa, don haka a ware yini guda cur ana koya masa, a zauren da babu kowa.

Ko Ikeja Electric ke ba unguwar wuta ko kamfanin Eko, a shirya taro tamkar za a ɗauke wutar a tsakiyarsa. Ya iya lissafin nauyin da janareta zai ɗauka. Lasifika biyu masu ƙarfin kansu da miksa, wato na'urar haɗa sauti, za su ci wajen wat 600, majigi wajen 300, kwamfuta 65, fanka shida wajen 420, fitilu wajen 100. Jimla kusan wat 1,500 ke nan, kuma janareta mai ƙarfin 3.5 kVA zai ɗauke su ba wahala. Da an ƙara na'urar sanyaya ɗaki ko da guda ɗaya ce, lissafi ya canja, domin lokacin da take tashi tana fizgar wuta ninki biyu ko uku na abin da take ci, sai majigi ya mutu, lasifika ta yi ƙara. Irin wannan janareta yana shan lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ta fetur a sa'a. Taron sa'a uku, da gwaji da kwashe kaya, a tanadar masa lita 10. A duba baƙin mai tun jajibiri. Ba a zuba fetur injin yana aiki ko yana da zafi. A ajiye shi a fili, aƙalla mita 6 daga taga da ƙofa, bakin hayaƙinsa yana kallon waje, saboda iskar da ke cikin hayaƙin ba ta da wari ko launi kuma tana kashe mutum a rufaffen wuri.

Wajen kunna kayan sauti akwai jeri: miksa da makirufo da farko, lasifika a ƙarshe. Wajen kashewa, lasifika da farko. Wanda ya juya wannan jeri zai ji wata ƙara kamar an harba bindiga, kuma a hankali ita ke fasa lasifika. Kukan nan mai huda kunne da ake ji a taruka yana faruwa ne idan makirufo ya shiga gaban lasifika, sautin da ya fita ya koma ya sake shiga. Maganinsa a kafa lasifikun a gaban masu magana suna fuskantar jama'a, a rage ƙarfin makirufon daga miksa, mai magana kuma ya kusanto da shi bakinsa kamar tazarar yatsu huɗu. Idan ana jin gurnani a ƙasa-ƙasa, a cire cajar kwamfuta a saurara. Sau da yawa daga nan yake, ko kuma daga wayar sauti da aka shimfiɗa jikin wayar wuta.

Makirufo mara waya a sa masa sabon batir kowane taro, a riƙe wasu huɗu a aljihu, kuma a jona mai waya guda ɗaya a ajiye a gefe. Majigi a haɗa shi da ƙaramin UPS, wato na'urar da ke riƙe wuta na ɗan lokaci idan an ɗauke, domin ɗaukewar wuta farat ɗaya tana hana fankarsa huce ƙwan, ƙwan ya mutu da wuri, ga shi da tsada. Duk wayar da ta ratsa hanya a manne ta da ƙasa da faffaɗan salatif. Kafin a tashi ranar, sabon ma'aikaci ya haɗa komai shi kaɗai sau biyu, ya kwance, ya naɗe wayoyi, ana kallonsa ba a sa masa hannu ba.

Mako na biyu zuwa na huɗu: ya san mutane

Hausawan Legas ba a wuri ɗaya suke ba, kuma ba lokaci ɗaya suke samun sarari ba. Agege tsohon mazauni ne, akwai gidajen da kakanni aka haifa a nan, 'ya'yansu suna jin Yarbanci kamar Hausa. Idi-Araba da Obalende su ma haka. A Mile 12 kuwa, harkar tumatir da attaruhu da albasa ce, aiki yana farawa tun kafin asuba lokacin da motoci ke sauke kaya daga Arewa, don haka taron safe ba zai ga ko mutum ɗaya daga can ba. Mahautan Oko-Oba su ma safiyarsu a cike take. Sabon ma'aikaci ya zana wa kansa taswirar abin da ke kewaye da laburaren, tafiyar minti 30 ta kowace fuska: makarantun boko, Islamiyyu, masallatan Juma'a, coci-coci, kasuwanni, ƙungiyoyin matasa da na mata.

Ziyarar farko ta gaisuwa ce, ba a zuwa da buƙata. Tsohon ma'aikaci ya raka shi fadar Sarkin Hausawan unguwar, bayan an nemi iso ta hannun wani na kusa da fada. A tuɓe takalmi, a durƙusa, a ce "Allah ya ja zamanin Sarki", a bari wanda ya yi rakiya ya fara magana. A tafi da goro da takarda mai hatimin laburare da ke bayyana sunan sabon ma'aikacin da aikinsa. Haka za a yi wa Baale, wato mai unguwar Yarbawa, da shugaban ƙungiyar raya unguwa, da Iyaloja, shugabar kasuwa, idan ana son matan kasuwa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: laburaren gwamnati na kowa ne, kuma idan aka ga ma'aikaci Bahaushe yana zuwa fadar Hausawa kaɗai, za a fara cewa ya mai da zauren na 'yan'uwansa. Ya koyi gaisuwar safe da ta yamma da godiya da Yarbanci, ko da iyakarsa ke nan.

Limamai da malaman Islamiyya su ne masu isar da saƙo na gaskiya. Sanarwar minti ɗaya bayan sallar Juma'a ta fi takardar talla ɗari biyu. Wajen matan aure kuwa, ta hannun malamar Islamiyya ake bi, kuma idan sabon ma'aikacin namiji ne, ya nemi abokiyar aiki mace ta shiga. Idan mace ce, wannan ƙofa a buɗe take gare ta, sashen ya yi amfani da wannan dama sosai, domin iyaye mata ne ke yanke shawarar ko yaro zai zo zaman tatsuniya.

Makarantun gwamnati ba a shigarsu kai tsaye. Na sakandare suna ƙarƙashin gundumomin ilimi shida na jihar, kuma ofishin Gunduma ta Ɗaya yana Agege. Na firamare suna ƙarƙashin SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, ta hannun hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma. Shugaban makaranta ba zai saki ɗalibai ba sai ya ga amincewar sama, don haka wasiƙa ta fita mako shida kafin taro, kuma a bi sawunta da ƙafa.

Duk wanda aka gana da shi, a rubuta sunansa da muƙaminsa da yadda ake kiransa da lambarsa a littafin sashe. Kada bayanin ya tsaya a wayar ma'aikaci, domin ranar da ya bar aiki zai tafi da shi.

Kalanda

A zauna da shi a cike kalandar shekara da biro kala uku. Kala ta farko ranakun da suka shafi aikin: 21 ga Fabrairu ta harshen uwa, 23 ga Afrilu ta littafi, 27 ga Mayu ta yara, 26 ga Agusta Ranar Hausa wadda aka fara a 2015, da 8 ga Satumba ta yaƙi da jahilci. Ranar Hausa tana faɗowa cikin dogon hutu, saboda haka ba za a samu ɗalibai ta hanyar makarantun boko ba, sai ta Islamiyyu da iyaye. Kala ta biyu lokutan da ake kauce wa: azumi da sallah, waɗanda ke matsowa baya da kwana goma zuwa goma sha ɗaya kowace shekara, Ista da Kirsimeti, da lokacin jarrabawar JAMB da WAEC, daga Afrilu zuwa Yuni, lokacin da ɗakin karatu ke cika da ɗalibai masu buƙatar shiru. Ganga ko kalangu a wannan lokaci zalunci ne a kansu. Kala ta uku damina: ruwa ya fi ƙarfi a Yuni da Yuli, ya ɗan tsagaita a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba. Taron fili a waɗannan watanni dole ya zama yana da zauren da za a gudu a shiga.

A tura shi ya ga yadda manya ke yi. Bikin littattafai da fasaha na Legas, wanda ƙungiyar CORA ke shiryawa tun 1999, ana yin sa a Freedom Park cikin Nuwamba, bikin littattafai na Ake kuma da aka fara a Abeokuta a 2013 ya dawo Legas tun 2018. Ya je da littafin rubutu, ya lura da yadda suke rajistar baƙi, da tsayar da mai magana idan lokacinsa ya cika, da inda suke kafa teburin sayar da littattafai.

Wata na biyu: ya taya

A taruka biyu ko uku na wannan wata, a ba shi ɓangare ɗaya kowane karo ya riƙe shi ɗungurungum: yau teburin rajista, gobe sauti, jibi tarbar baƙi. Bayan kowane taro ya rubuta shafi ɗaya: me ya tafi daidai, me ya karkace, me zai canja. Shugaba ya karanta ya ba shi amsa cikin kwana biyu, a keɓe. Gyaran da aka yi wa sabon ma'aikaci a gaban 'yan sa-kai yana zubar masa da girman da zai buƙata wata mai zuwa.

Wata na uku: taronsa na farko

A zaɓa masa ƙaramin taro na gaske, mutum 40 zuwa 60, tsawon minti 90. Zaman tatsuniya da kacici-kacici na yara, ko karatun waƙa na matasa, sun dace. Shugaba ya sa hannu a takardu, ya tsaya a baya, amma sunan sabon ma'aikacin ne a kan aikin.

Saura mako shida, ya rubuta shafi ɗaya: wa ake so ya zo, me za a yi, da wane harshe, nawa za a kashe, da littattafan da za a fito da su daga kanta a jera a bakin ƙofa. Taron da ba a jera littafi ko ɗaya a cikinsa ba, kowane gidan biki zai iya yin sa. A wannan makon wasiƙun makarantu da na fada suke fita.

Zaɓen rana da sa'a yana buƙatar natsuwa. Juma'a daga ƙarfe 12 zuwa 3 ba ta taro ba ce. Safiyar Alhamis kasuwannin Legas suna rufe har ƙarfe 10 saboda tsaftar muhalli, don haka kada a dogara da sayen wani abu a safiyar. Asabar daga 10 zuwa 12 ta fi dacewa da yara, idan an daidaita da malaman Islamiyya. Ga manya 'yan kasuwa, Lahadi bayan la'asar ta fi, daga 4:30 zuwa 6, a tashi kafin magariba, wadda a Legas take faɗowa tsakanin 6:25 da 7 da 'yan mintuna gwargwadon wata. Idan taro zai ratsa lokacin sallah, a rubuta hutun minti 20 a jadawali, a tanadi tabarmi da butoci da ruwa, a ware wa mata wurinsu. Idan ba a yi haka ba mutane za su fita da kansu, rabinsu ba za su dawo ba.

Saura mako huɗu, a tabbatar da baƙon da zai yi magana, a rubuce: rana, sa'a, mintunan da aka ba shi, da kuɗin motar da za a biya shi. A tambaye shi ta inda zai taso. Wanda zai hau gadar Third Mainland ko ya bi ta Oshodi a ce masa ya iso sa'a ɗaya kafin lokaci. Wanda ke layin Agege, Ikeja, Mushin zuwa Yaba yana iya bin jirgin ƙasa na Red Line da ya fara ɗaukar fasinja a 2024, amma ya duba lokutan tashinsa tun jajibiri. Kada a yi lissafi da acaɓa, domin tun 2022 an hana shi a ƙananan hukumomi da dama, har da Ikeja da Surulere da Apapa da Mushin. A tanadi wanda zai maye gurbin baƙo idan cunkoso ya riƙe shi, ko da ma'aikacin laburare ne mai tatsuniyoyi biyu a ka.

Saura mako biyu, sanarwa ta fita. Saƙon murya na WhatsApp da bai kai minti ɗaya ba, da Hausa mai sauƙi, ya fi takarda isa ga 'yan kasuwa. A ambaci wurin da alamar da kowa ya sani, tashar mota ko masallaci, a faɗi cewa shiga kyauta ce. A takardar talla a sa Hausa da Turanci, a ƙara layi ɗaya da ajami, domin akwai dattawan da shi suka fi karantawa kuma suna jin an girmama su. Kada a manna fosta a jikin gada ko turakun wuta. Hukumar LASAA ce ke kula da tallace-tallacen waje kuma tana cin tara. Allon masallaci, shagon mai shayi da ƙofar makaranta sun isa, da izinin masu su. A taron kyauta ba duk wanda ya ce zai zo ke zuwa ba, don haka a jera kujeru kashi biyu cikin uku, sauran a tara su a gefe. Zauren da ake ƙara wa kujeru ya fi daɗin gani a kan wanda rabinsa ke wayam.

Idan wata rana taro zai kai ɗaruruwan mutane, musamman inda za a raba kyauta, sai an nemi amincewar hukumar kula da kariya ta jihar, Lagos State Safety Commission. Taron farko bai kai nan ba, amma ya san da zancen.

Ruwa: jakar fiya wata tana da guda 20, a lissafa biyu ga kowane mutum, mutum 60 jaka shida ke nan. Abin taɓawa ya zama busasshe, cincin ko biskit ko dabino, kuma a raba shi a waje bayan an tashi. Ɓurɓushin abinci a zaure yana jawo kyankyaso da ɓera, su kuma littattafai suke ci. Jihar Legas ta hana robar cin abinci ta kumfa tun Janairun 2024, a gaya wa mai kawo abinci tun wuri.

Kuɗi kuwa, a ware kashi 10 cikin 100 don abin da ba a zata ba. Duk abin da aka saya a karɓi rasit. Inda babu rasit, kamar mai ɗaukar kaya, ya sa hannu ko ya dangwala a takarda. Mai hayar kujeru a ba shi rabi, sauran sai kaya sun iso an ƙirga. Sabon ma'aikaci kada ya kashe kuɗin aljihunsa da fatan za a mayar masa, kuma ya rufe lissafi cikin mako ɗaya.

Ranar taro

Ya iso sa'a uku kafin lokaci. Janareta a tayar da shi ya yi minti 10 da duk kayan a kansa. A duba bayan gida, da ruwa da sabulu. A raba aiki da suna: mutum ɗaya a ƙofa, ɗaya a sauti, ɗaya a teburin katin laburare, ɗaya mai riƙe agogo. Shi mai taron kada ya ɗaura wa kansa ko ɗaya daga ciki, domin shi za a riƙa nema.

A fara a kan lokaci ko da mutum goma ne, da abin da ba ya buƙatar babban baƙo. Idan an gayyaci Sarkin Hausawa da Baale tare, a daidaita wurin zamansu da jerin ambatonsu da wakilansu tun kafin ranar, kujerunsu su zama iri ɗaya. Jawabin manya shi ke cinye taro, a rubuta minti uku a wasiƙar gayyata, mai gabatarwa kuma ya san yadda zai matso cikin ladabi ya ce "Ranka ya daɗe, mun gode, Allah ya ƙara girma." Idan akwai waɗanda ba sa jin Hausa, a taƙaita musu da Turanci ko Yarbanci bayan kowane ɓangare. Fassarar jimla bayan jimla tana ninka lokaci, yara su fara tsalle-tsalle.

Yara a kan tabarma suke zama, babba ɗaya ga kowane yaro goma, kuma tatsuniya ɗaya kada ta wuce minti 10 ba a sa su amshi ko tambaya ba. A rubuta sunan wanda ya kawo kowane yaro, shi ne zai tafi da shi. Ma'aikaci ba ya keɓewa da yaro a ɗaki. Hoton yara ba a sa shi a Facebook sai da yardar iyaye, mata manya ma a tambaye su kafin a ɗauka, wadda ta ƙi a bar ta. Takardar da mutane suka rubuta lambobinsu a kulle ta a ofis, domin dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hau kan laburare kamar yadda ta hau kan banki. Fim kuma ba a haska shi ga jama'a sai da izinin mai shi, ko da kyauta ake kallo, mawaƙi ma a nemi yardarsa kafin a ɗauki karatunsa a yaɗa.

Wani lokaci dattijo zai ba da aron tsofaffin takardun ajami ko hotunan zuwan kakanninsa Legas don a nuna. Wannan amana ce mai nauyi. A ƙirga warƙoƙin a gabansa, a ɗauki hoton kowace, a rubuta yarjejeniya da ranar mayarwa, kowa ya riƙe kwafi. A sa su ƙarƙashin gilashi, nesa da rana da bangon da ke tsattsafo, domin laimar Legas tana sa takarda fumfuna cikin 'yan kwanaki. Ba a manna musu salatif, ba a huda su, ba a rufe su da roba mai zafi. Ma'aikacin ne da kansa zai mayar da su gida, hannu da hannu.

Bayan an watse

A ƙirga kaya kafin kowa ya tafi: makirufo, wayoyi, kujerun haya, littattafan da aka jera. Washegari a kira duk wanda ya taimaka a yi masa godiya, fada kuma a koma da ƙafa cikin mako. Rahoton ya ƙunshi adadin waɗanda suka zo, maza da mata da yara, abin da aka kashe, abin da ya karkace da dalilinsa, da adadin waɗanda suka yi katin laburare ko suka ari littafi. Bayan mako huɗu a sake duba rajista a ga nawa ne daga cikinsu suka dawo, a rubuta adadin a ƙasan rahoton.

A ƙarshen wata na uku shugaba ya zauna da shi sa'a guda, da rahotanninsa a gabansu. A faɗa masa inda ya yi ƙarfi da abu biyu da zai gyara, a tambaye shi abin da ya gani a sashen wanda tsofaffi suka daina gani. Sannan a ba shi makullin ɗakin kayan sauti, a rubuta sunansa a kalanda gaban taruka biyu na zango mai zuwa, ɗaya daga cikinsu na unguwar da ba Hausawa ne suka fi yawa a cikinta ba.